HAWAN DUTSEN TINGILIN: Shawara Ga 'Yan Uwa Fatake Masu Kwana A Garwa

A wannan fitowa za mu ɗan jingine maganar farashin bijimai da kuɗin fito da takardun likitan dabbobi, mu taɓo wata magana wadda wasu za su ce ba ta shafi sana'armu ba, alhali kuwa ta shafi jikin da ke yin sana'ar. Maganar ita ce hawan dutse, da yadda wanda bai taɓa yi ba zai shirya shi, ya hau da safe ya sauko lafiya kafin azahar.

Duk mai bin kasuwannin Arewacin Kamaru ya san yadda mako ke tafiya. Alhamis ana Adumri, Lahadi ana Pitowa, Litinin kuma a gangara Ngong. Juma'a ta masallaci ce. To, Asabar fa? Ga yawancinmu ranar zaman tabarma ce a gidan mai masauki a Garwa, daga shayi sai goro, daga goro sai gasasshen nama, ana ta buga waya ana tambayar inda mota ta kwana. Iyayenmu da ƙafa suka riƙa koro shanu daga ƙasar Cadi su ratsa Kamaru har Mubi da Yola, wasu ma har Kudu. Mu kuwa yau tirela ce ke ɗaukar shanu, babur ke ɗaukar mu daga bakin titi zuwa cikin kara. Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba: tumbi ya fito, hawan jini da ciwon sukari sun zama ruwan dare a cikinmu, kuma duk wanda ya je asibiti maganar likita ɗaya ce, wato a rage mai da gishiri, a riƙa tafiya da ƙafa. Ga kuma masu niyyar sauke farali, waɗanda sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa zai ci musu sama da kilomita 3, ban da ɗawafi da zuwa jifa daga Mina.

Alhali ga dutse nan Allah Ya ajiye mana a bakin gari. Duk wanda ya fita Garwa ya kama hanyar Pitowa da Gidar, in ya dubi hannun hagu zai ga jerin tsaunuka masu kai a baje kamar tebur. Su ne Tingilin. Shekara da shekaru muna wuce su a mota, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa sa ƙafa a kansu.

KORA DABAN, HAWA DABAN

Abin da muke jin tsoro shi ne mutum ya raina abin. Mun san halinmu. Wani Alhaji zai buga ƙirji ya ce, "Ni da na koro garke tun daga Cadi ina saurayi, wannan ɗan tudun ne zai gagare ni?" To, Alhaji, wancan jikin daban, wannan daban. Sannan ko a lokacin ƙuruciyar, kora a fili ake yin ta, da tafiyar saniya, tana kiwo kana hutawa. A hawan dutse kuwa kowane taku ɗaga nauyin jikinka kake yi gaba ɗaya. Mai kilo 90 da zai hau tsayin mita 400, zuciyarsa da gwiwoyinsa za su yi aikin da suka shekara ba su yi ba. Alhazan da suka taɓa hawan Jabalun Nur a Makka domin ganin Kogon Hira sun san abin da muke nufi. Daga ƙasa kamar a miƙa hannu a taɓa, amma kafin a kai rabi numfashi ya ƙare.

Don haka shawararmu ita ce a ɗauki wannan 'yar tafiya ta rabin yini kamar yadda magabata suka ɗauki tafiyar ayari. Ba a tashi sai an san lokaci, an san hanya, an san ruwa, an nemi izinin masu ƙasa, an kuma san wanda zai ja gaba da wanda zai tsaya a baya. Ilimin duk muna da shi a sana'armu, sai dai mu juya shi daga kan dabba zuwa kan kanmu.

Dalilin da ya sa muka zaɓi Tingilin ga sabon shiga a fili yake. Garin Garwa yana kwance a kwarin Binuwai, tsayinsa daga teku bai wuce mita 200 da 'yan kai ba, ƙololuwar Tingilin kuwa ba ta kai mita 800 ba. Ke nan abin da mutum zai hau da ƙafarsa bai fi mita 400 zuwa 500 ba, gwargwadon inda ya faro da inda ya tsaya. Ciwon nan da ke kama masu hawan manyan tsaunuka saboda ƙarancin iska, yawanci sai an haura mita 2,500 yake farawa, saboda haka babu fargabarsa a nan. Wannan sai irin su Dutsen Kamaru da ke Buea a Kudu, wanda ya haura mita 4,000. Abokan gabarmu a nan uku ne kawai: rana, ƙishirwa da gangara. Bugu da ƙari wurin yana kusa da gari, in wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye, asibiti ba nisa.

Wanda yake ganin ko wannan ya yi masa yawa, ya fara da kwazazzabon Kola da ke kusa da Gidar, inda Mayo Luti ya rarake baƙin dutse ya yi lungu-lungu. Da rani ana shiga a zaga da ƙafa, ɗan hawa da sauka ne kawai. Da damina kuwa ruwa ne ke cike da wurin, kada ma a fara.

WANE LOKACI?

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, shi ke nan. Lokacin nan safiya na da sanyi, ƙasa ta bushe, ciyawa ta kwanta ko an ƙone ta, mutum na ganin inda zai sa ƙafa. Maris da Afrilu kuwa kowa ya san Garwa, zafi kan wuce 40 a ma'auni, dutse ya ɗauki rana ya riƙa mayar maka da ita ta ƙasa kamar tanda. Wanda ya hau a wannan lokacin ya sayi wahala da kuɗinsa. Damina ita ma ba ta yi ba, domin duwatsu na santsi, ciyawa ta fi mutum tsayi, ga tsawa a kan tudu, ga kuma mayo da za ka tsallake shi a bushe da safe ka dawo ka tarar ya kawo har wuya.

Abin da ke rage daɗin lokacin sanyi shi ne hazo. Ran da buji ya sauko sosai za ka sha wahalar hawa ka isa sama ba ka ga komai sai fari fat. In an tashi da asuba aka ga ko fitilun unguwar gaba ba a hange, a ɗaga tafiyar zuwa wata Asabar, musamman masu ciwon asma. Har ila yau a dubi kalanda. A 2025 azumi ya faɗo cikin Maris, kuma tun da kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, shekaru masu zuwa zai riƙa faɗawa tsakiyar watannin sanyin nan. Ba a hawan dutse da azumi a baki, ko da na nafila ne.

MASU ƘASA DA JAGORA

Dutsen nan ba daji ba ne marar mai shi. Ƙasar Fali ce. Tun kafin Fulani su kafa Garwa a farkon ƙarni na 19 Fali ke zaune a wannan yanki, kuma lokacin jihadin Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, da yawansu kan waɗannan tsaunuka suka koma, inda doki ba ya iya hawa. Daga baya, a zamanin Turawa da bayan samun 'yanci a 1960, yawancinsu sun sauko fili, wasu sun musulunta, wasu sun shiga Kiristanci, amma kufan gidajen kakanninsu da kaburbura da wuraren da suke girmamawa suna nan a sama. Wani Bafaranshe mai bincike, Jean-Paul Lebeuf, har littafi guda ya wallafa a 1961 a kan yadda Fali ke gina gidajensu, saboda tsarin da ke ciki.

Saboda haka abu na farko shi ne a je a gaida jauron ƙauyen da za a faro hawan daga cikinsa. A je tun ranar Juma'a da yamma in da hali, a riƙe ɗan goro, a faɗa masa ko su wane ne, mutum nawa ne, da abin da ya kawo su. Shi zai ba da yaron da ya san hanya. Mai masaukinka a Garwa ko wani dillalin Pitowa da ka amince da shi zai iya haɗa ka da shi. Kada a ɗauki ɗan acaba kawai don ya ce ya san wurin, domin sanin gindin dutse daban, sanin kansa daban. Irin waɗannan tsaunuka masu kan tebur, can kusa da sama gaɓa ce a tsaye kamar bango, kuma ba ta ko'ina ake samun mahaura ba. Baƙo zai yi ta hawa da murna sai ya iske kansa a gindin bango, gaba ba hanya, baya kuma gangarar da ya hawo ta fi ƙarfin saukowa. Ɗan gari kuwa ya san tsagar da ake bi, ya san inda zuma ta yi saƙa a kogo, ya san inda ba a takawa.

A yanke ladan jagora tun a ƙasa, a gaban jauro, kamar yadda muke yanke la'ada kafin a kama igiya. Kada a tsaya cinikin ƙwaƙwa da shi a kan abin da bai kai kuɗin shayinmu na yini ba. In ya ce kada a taɓa tukunyar da aka gani a kife a gindin dutse, ko kada a zauna kan wasu jerarrun duwatsu, a bi maganarsa ba gardama. Ba wa'azi ya kai mu ba, kuma ba yawon tsince-tsince ba. Hoto ma, in na mutane ne, sai an tambaya.

MAGANAR DA BA A SON YI

Wajibi ne mu faɗi wannan a fili. Falken shanu ba kamar sauran masu yawon buɗe ido ba ne, domin kowa ya san ran Alhamis kuɗi ya ratsa hannunsa. Mun san abin da zargina masu tare hanya suka yi wa fatake a shekarun 1990 da bayansu, mun kuma san yadda satar mutane don kuɗin fansa ta addabi makiyaya da masu shanu a wasu sassan Jihar Arewa, musamman wajen Mayo Rey da Tuboro. Kusa da Garwa ba kamar can ba ne, amma rigakafi ya fi magani.

Kada a hau da kuɗin kasuwa, ko sefa ko naira. A bar su a banki, ko a waya, ko wajen mai masauki. A riƙe abin sallamar jagora da na mota kawai. Kada a yi ta shela a kara cewa ran Asabar su Alhaji wane za su hau dutse. Mai masauki ya sani, jauro ya sani, wani ɗan uwa guda da ya rage a gari ya san lokacin da ya kamata a dawo da abin da zai yi in ba a dawo ba, ya isa. Kafin a tashi a tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a wannan makon, ba na bara ba. In suka yi ɗan jim kafin su amsa, a fasa. Waɗanda suka ƙetaro daga Nijeriya, Nijar ko Cadi su riƙe takardunsu a jiki, har da katin rigakafin shawara, domin jandarma a hanya ba ruwansa da cewa motsa jiki za ka.

Mutum huɗu zuwa takwas ya isa ayari. Ƙasa da huɗu, in ɗaya ya gurɗe ƙafa babu mai zama da shi alhali wasu sun sauka neman taimako. Sama da takwas kuwa an koma kasuwa, na gaba bai san halin na baya ba.

LISSAFIN LOKACI

Akwai wani lissafi da masu hawan tsaunuka ke amfani da shi tun 1892, wanda wani mutumin Sikotlan mai suna William Naismith ya fitar. Ya ce a ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 600 na hawa. In muka ɗauka zuwa da dawowa kilomita 6 ne, hawan kuma mita 450, lissafin zai ba mu wajen awa 2. Amma fa shi Naismith ƙaƙƙarfan mahayi ne a ƙasar sanyi, kuma bai sa hutu a ciki ba. Mu da tumbinmu da ranar Garwa, a ninka. A ware awa 4, in an samu ragi alhamdu lillahi.

Ke nan da an sallame sallar asuba a kama hanya. Gari na wayewa, wajen ƙarfe 6 da rabi, a ce an fara taka dutse. Ƙarfe 9 a ce ana sama. Sannan a yanke wata magana tun a ƙasa, kowa ya ji da kunnensa: ƙarfe 10 na bugawa za a juyo, an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi wuyar riƙewa, domin a daidai lokacin ne wani zai ce, "Haba, ga shi nan saura ƙiris!" Ƙiris ɗin dutse kuwa ba ya ƙarewa, kana hawa wannan kafaɗa sai wata ta ɓullo a bayanta. Dutsen ba ya zuwa ko'ina, yana nan wata Asabar.

Kayan tafiya ba su da yawa, amma biyu daga ciki ba wasa. Na farko ruwa: lita 3 ga kowane mutum, a cikin jakar goyo domin hannu ya zama a sake. Kada a dogara da samun ruwa a sama da rani. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishirwa ta zo, kuma in an sha rabin ruwan, to lokacin juyowa ya yi ko agogo bai ce ba. A jefa ƙunshin gishiri da sukari na kemis guda biyu a aljihu. Na biyu takalmi. Silifas da fade da takalmin zuwa Juma'a mai santsin ƙasa, duk a bar su a gida. Kambas mai tauri wanda ya rufe ƙafa, wanda kuma an saba da shi, da safa. Sabon takalmi ranar tafiya ƙafa zai kumbura maka da bororo. Babbar riga ita ma ta huta, domin iska na kama ta, ƙaya na riƙe ta, kuma tana ɓoye maka inda ƙafarka za ta sauka. Wando mai kauri da 'yar shara mai dogon hannu, da malfa irin ta makiyaya. Sandar kora kuwa kada a bar ta, a nan ma za ta yi rana, musamman wajen saukowa. Abinci marar nauyi: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ɗan kilishi kaɗan saboda yana sa ƙishirwa. A ci wani abu kafin a tashi, amma ba tuwo malmala uku ba.

Mai hawan jini, mai ciwon sukari, da duk wanda ya haura shekara 50 bai kuma saba motsa jiki ba, ya ga likita tukuna ya gaya masa abin da yake niyya. Ya sha maganinsa yadda ya saba, ya kuma riƙo shi. Mai ciwon sukari ya sa dabino a aljihun gaba, ya gaya wa abokan tafiya cewa in suka ga ya fara rawar jiki, gumi mai sanyi da magana ba kan gado, su ba shi abu mai zaƙi nan take. Kuma tun mako uku ko huɗu kafin ranar a fara taka ƙasa: rabin awa kullum bayan asuba ko bayan la'asar, ana ƙarawa a hankali. Wanda ke Kano ya gwada kansa a Dala ko Goron Dutse. In ya hau Dala sau biyu a jere bai zauna ba, ya yi.

A KAN HANYA

A ayarin da, jagaba ke gaba, madugu na lura da kowa, kuma ba a barin raunana a baya su kaɗai. Haka za a yi. Jagora a gaba, wanda ya fi kowa rauni yana biye da shi, mai ƙarfi da natsuwa a ƙarshe. Duk mai kora ya san garke ba ya wuce tafiyar gurguwar saniya, in ka matsa mata ka yi asarar ta. Ma'aunin sauri kuwa mai sauƙi ne: in ba ka iya yin magana da na kusa da kai sai da haki, ka yi sauri da yawa. Gajerun taku, a hankali, a tsaya minti 5 bayan kowane rabin awa, a inuwa in akwai. Matasan da ke cikin tafiyar su ji tsoron Allah kada su mai da abin tsere, domin dattijo ba zai yarda yaronsa ya ga gazawarsa ba, zai yi ta bi har ya faɗi.

Akwai alamun da in an gan su tafiya ta ƙare. Ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman in yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi. Jiri, amai, ciwon kai mai tsanani. Mutum ya fara ruɗewa ko tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau. Wannan na ƙarshe bugun rana ne, kuma yana kisa. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufa, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a sauko da shi zuwa asibiti ba tare da jiran ya ce ya ji sauƙi ba.

Sai maciji. Kwarin Binuwai, daga nan har Kaltungo a Jihar Gombe, ya yi suna wajen kububuwa, 'yar ƙarama mai kalar ƙasa wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Tana son gindin duwatsu da busasshiyar ciyawa. Kada a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, kada a zauna sai an duba, a bi sawun jagora. In tsautsayi ya faɗa, to a ji mu da kyau: ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi da ɗan itace kamar yadda ake yi wa karaya, a ɗauki mutumin a nufi babban asibiti inda ake da allurar dafin maciji. Abin da ke yaudarar mutane da kububuwa shi ne, wanda ta sara zai iya yini yana hira lafiya lau, sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi. Kada a tsaya gwada na gargajiya har lokaci ya ƙure. Birai kuwa in an gamu da su, a ƙyale su, kada a jefe su, kada a ba su abinci. Masu shan taba su haƙura har a sauko, domin busasshiyar ciyawar Disamba ƙyastu ɗaya take jira, wuta kuma ta fi gudu in tana hawa tudu, ga gonaki da rumbunan mutane a ƙasa.

In Allah Ya kai ku sama ranar da gari ya yi garau, za ku ga abin da ya sa muka dage. Ga Garwa a shimfiɗe, ga Binuwai na lanƙwasa cikin farin yashi ya nufi Yola, ga gonakin auduga da na masakuwa, ga titin da muke bi kullum ya zama kamar zare. Mai ido zai tsinkayi ƙurar garke a nesa. A nan ne mutum zai gane da idonsa abin da muke ta kuka a kai a tarurruka, wato yadda gonaki suka matse burtali har wani wuri sai ka neme shi ka rasa. Daga cikin mota ba a ganin haka.

Saukowa ta fi hawa haɗari, kuma a nan aka fi faɗuwa. Ƙafa ta gaji, hankali ya koma gida, ga tsakuwa na gangarawa ƙarƙashin takalmi, domin dutsen irin mai ɓarɓashi ne. A sauko a karkace, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sanda a gaba. A bar tazara tsakanin juna saboda dutsen da na sama zai ture. Robar ruwa da leda duk a dawo da su. In an iso ƙasa a koma a sallami jauro, ya san baƙinsa sun sauko cif yadda suka hau.

WANDA YA JI DAƊI FA?

Wanda ya yi Tingilin sau biyu ko uku ya ji jikinsa ya karɓa, akwai na gaba. Tsaunukan Alantika ne, a kan iyakar Kamaru da Nijeriya, yamma da Poli, bayan an ƙetare kogin Faro. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya hango su a 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Yola. Ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, kuma a can ne Koma ke zaune, mutanen da labarinsu ya cika jaridun Nijeriya a 1986 zamanin tsohuwar Jihar Gongola. Daga Wangai ake farawa, da izinin lamiɗon wurin, da jagora da 'yan dako, kuma tafiya ce ta kwana biyu ko uku ana kwana a ƙauyuka, da dare kuma sanyi na sauka sosai. Wannan ba ta Asabar ɗaya ba ce, sai an ware mata lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Dutsen Vokre da ke kusa da Poli ma ya haura mita 2,000, ba na sabon shiga ba ne.

Rumsiki kuwa, can ƙasar Kapsiki bayan Mokolo, inda duwatsu ke tsaye kamar an kafa turaku, babu mai musun kyanta, kuma a da ita ce Turawa suka fi zuwa. Amma tun da aka sace iyalin nan Faransawa su bakwai kusa da Dabanga a Fabrairun 2013, rikicin Boko Haram ya taɓa harkar baƙi a Jihar Arewa Mai Nisa ƙwarai. Duk mai son zuwa can sai ya tambayi 'yan uwanmu na Mokolo da Mubi, waɗanda ke bin hanyar a wannan watan, ya kuma bi abin da hukuma ta ce.

Masu sha'awar Tingilin a sanyin bana su yi magana da sakataren reshensu a asirce, domin a haɗa su huɗu-huɗu ko shida-shida da waɗanda kwanan kasuwarsu ya zo ɗaya. A faɗa masa shekaru da ciwon da ake fama da shi in akwai, kada a ɓoye.